Gishiri a Cikin Fiffike

Shekarar da na gama sakandare Yaya ya fara ƙera jirgin sama a rumfar gonar dabinon Kawu da ke unguwar Ƙuba a Madina. Ba na wasan yara ba, jirgi mai kujera ɗaya da inji da farfela, wanda ya ce da kansa zai hau ya tashi. Sana'arsa wayarin mota, yana da 'yar warsha, wato ɗan gareji, a unguwar Al-Sih, kuma ko wanda ba ya sonsa ba zai ce bai iya aiki ba. Amma mota idan ta mutu gefen titi take tsayawa. Tun ranar farko na faɗa masa haka, ya ce in rufe baki in zo in riƙe masa ƙarfe.

Ni ce mai riƙon ƙarfen saboda ba ya son na waje ya sani, ba shi da takardar izinin komai. Sannan hannuna siriri ne. Fatar fiffiken alminiyam ce, fale-fale kamar murfin tukunya, ana kama ta da ƙashin ciki da wasu 'yan ƙusoshi da muke kira barsham. Ya huda rami, ya zura ƙusar, yana dukan kanta daga waje da bindigar iska, ni kuma na cusa hannu har kafaɗa ta wata 'yar kafa na dafe gindinta da dunƙulen ƙarfe har ta baje ta kama. Ba na ganin abin da nake yi a ciki, da yatsa nake dubawa. Idan ta karkace sai ya sa injin huda ya cire ta, yana zagina da Larabci ina ramawa da Hausa, don a nan na fi shi.

A gindin fiffike, inda yake haɗuwa da jikin jirgi, akwai faranti mai kauri na baƙin ƙarfe. Shi ke ɗauke da nauyin komai. Littafin da Yaya yake bi, wanda wani abokinsa ya kawo masa daga Jidda, ya ce kada a bar baƙin ƙarfe ya taɓa alminiyam haka nan, sai an shafa wani irin mai, mai ruwan ɗorawa, a tsakani, don idan laima ta shiga tsakanin ƙarafan nan biyu ɗaya yakan cinye ɗaya. Muna tsakar buga farantin man ya ƙare. Samun wani sai an aika Jidda, a jira sati biyu. Yaya ya leƙa gwangwanin, ya jefar, ya ce wanda ya rubuta littafin a garin ruwa yake zaune, nan kuwa Madina ce, inda kafin ka gama shanya riga ta bushe. Muka buga haka, ƙarfe a kan ƙarfe. Wayoyin ma haka. Ya ɗauko wayar jan ƙarfe daga batir ya ɗaure ta da noti a jikin jirgin, bai shafa komai ba. Ban yi masa musu ba. Zafi ya ishe ni, so nake a gama in tafi gida.

Gidanmu katanga ɗaya ce ta raba shi da gonar, akwai 'yar ƙofa a jiki, amma Umma ba ta taɓa ƙetarawa ta ga jirgin ba. Ta roƙe shi ya bari, ta yi kuka, ta yi sati ba ta miƙa masa shayi da hannunta ba. Ta tura Kawu, yayanta, ya yi masa magana. Kawu ya dawo yana dariya ya ce ta kwantar da hankalinta, wannan gwangwanin ko kaza ba zai ɗauka ba. Babanmu ya rasu tun ina firamare, don haka babu wanda zai ce wa Yaya kul ya tsaya.

Da ta ga haka sai ta koma ga abin da ta sani. A gidanmu, tun zamanin kakarmu da ta zo daga ƙasar Hausa a ƙafa ta zauna, idan ana tsoron baki ko ido a kan wani abu, ruwa ake ɗebowa a zuba gishiri mai yawa, a yi tofi, a yayyafa. An yi wa gidan nan da muka tare. An yi wa jakata ranar jarrabawar ƙarshe. Yaya ba ya son wannan, camfi yake ce masa, har ya taɓa zubar da kwano guda a gaban baƙi. Saboda haka sai ranar Juma'a, idan shi da Kawu sun tafi Harami salla, Umma take cika 'yar jarka ta ba ni ta ce in je in yayyafa wa abin nan nasa. Ranar farko ta riƙe hannuna ta ce:

"Idan kika faɗa masa, ban yafe miki ba."

Ta san idan ya ji zai canja kwaɗon rumfar ne kawai.

Ni ba na yin abu rabi da rabi. Umma ta ce in yayyafa, ni zubawa nake yi. Na san inda ran Yaya yake rataye, ni na dafe ƙusoshin wurin, don haka ta 'yar kafar nan nake tuttula ruwan har gindin fiffike. Abin da ya rage in zuba wa wayoyi, saboda gobara nake tsoro. Kafin su dawo waje ya bushe ƙarau, in sa tsumma in goge farin da ya fito. Na ji abin da littafin ya ce a kan laima, da kunnena na ji. Amma a kaina laima ruwan sama ce, ko irin gumin iskar Jidda. Ruwan tofi a wurina ba ruwa ba ne, addu'a ce. Wata bakwai ina yin haka, ban tsallake Juma'a ɗaya ba.

Wayoyin ne suka fara tona mini asiri. Yaya ya ɗora inji, ya haɗa komai, ya zo tayarwa sai batir ya yi kamar ba shi da ƙarfi, alhali sabo ne. Idan injin ya kama, allurar da ke gaban kujera ta yi ta rawa, can ya yi tari ya mutu. Kwana uku yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ina haska masa tocila ko da rana ce, don ƙarƙashin kujerar duhu ne. Ransa a ɓace, mutumin da ake kawo wa motar da ta gagari wasu. Ranar ta uku ya kwanta rigingine ya kwance notin da ya ɗaure wayar batir da jikin jirgi. Wurin ya yi kore da fari kamar burodin da aka manta a leda. Yana taɓa bakin wayar ta rududduge. Alminiyam ɗin da ke kewaye da ramin ya zama gari.

Ya ce ruwan batir ne ya ɗiga, ya tsine wa wanda ya sayar masa. Ya yanke, ya kankare, ya sa sabuwar waya, injin ya tashi lafiya lau. Ya yi murna har ya sayo mana tsire irin na 'yan Nijar da ke wajen Uhudu. Ban iya ci ba. Batir ɗin yana nesa da wurin, ni na sani, kuma na tuna wata malamar kimiyya da ta taɓa tsoma ƙarafa iri biyu a kofin ruwan gishiri ta haɗa su da waya, allura ta motsa, ta ce mu lura, ɗayan ne yake narkewa a hankali. Ranar hira nake yi a bayan aji, amma wannan ya zauna.

Juma'ar da ta biyo na karɓi jarkar kamar kullum, na juye ta a gindin dabino. Na shiga rumfar na cusa hannu ta kafar har kafaɗa. Wurin da na sani sumul ya zama kaushi-kaushi, ya kumbura, yana ɓarewa kamar busasshen taɓo. Na sa farce a gindin wata ƙusa, ban ko matsa ba ta ɓalle ta faɗa can ciki, na ji ƙararta. Na zaro hannuna fari fat har gwiwa. Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallonsa.

Na je wurin Umma da hannun haka ban wanke ba. Na yi mata bayani da gaggawa, ƙila da tsawa ma, don ba ni da haƙurin lallashi. Ta dubi hannun ta ce wannan sharrin da ke jikin abin ne ruwan ya fito da shi. Na ce Umma ƙarfe ne yake ruɓewa, wurin da zai riƙe ɗanki a sama. Ta ce ruwan da aka karanta wa Ƙur'ani ba ya ɓata komai, in ji tsoron Allah in daina irin maganar 'yan makaranta. Na ce ba karatun ba ne, gishirin ne. Ta juya baya ta ci gaba da tsince shinkafa, ta ce maganarta ta farko tana nan.

Kwana goma sha uku na yi da wannan a cikina. Wanda bai tashi a gida irin namu ba ba zai gane nauyin uwa ta ce ba ta yafe ba. Ina salla ina jin kamar ba ta wuce rufin ɗaki. Na yi ta fatan wani abu ya hana shi ba sai na buɗe baki ba. Na yi fatan ya yi zazzaɓi. Na ɗaga wayar falo sau biyu da niyyar in kira hukuma in ce ga wani yana ƙera jirgi a Ƙuba, na ajiye, don ban san inda za su kai shi ba, da shi da Kawu. Na ɓoye masa sifana, ya sayo wata. Na ce Yaya mu buɗe gindin fiffiken mu duba, ya ce ya riga ya yi fenti, kuma tun yaushe na zama injiniya. Idan na ji ya tayar da injin daga bayan katanga sai in bar abin da nake yi in kasa kunne har ya kashe.

Shi kuwa sai ƙara kirki yake yi. Ya yi aski, ya sayi hular kwano irin ta masu babur, yana shigowa da lemo da inabi ya ajiye gaban Umma. Ya sa rana, Alhamis, za su ɗora jirgin a motar ɗaukar kayan Kawu su wuce bayan Uhudu can nesa, wani fili da ya ce shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, ba kowa sai raƙuma.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na bi su gonar. Sun riga sun kwance fukafukan biyu sun jingine, suna shimfiɗa barguna a bayan mota. Na tsaya a bakin rumfar. Na shirya maganganu masu tsari tun jiya, duk suka gudu.

"Ba za ka hau ba," na ce.

Bai ko juyo ba. "Yallah, ɗauko min igiyar can. Ke ma Umma ta shafa miki tsoron?"

"Gindin fiffiken ya ruɓe. Ni na ruɓar da shi."

Sai ya juyo. Na faɗa masa duka a tsaye, jarkar, Juma'o'in, wata bakwai, inda nake zubawa, wayar da ya ce ruwan batir ne. Ya tambaye ni wa yake haɗa ruwan. Na ce ya sani. Ina faɗin haka na san na ƙetare maganar Umma, ba komawa.

Abin da ban zata ba shi ne ba zai yarda ba. Ya yi wata 'yar dariya ya ce mun haɗa baki, kuka bai yi ba, ɓoye sifana bai yi ba, yanzu kuma tatsuniya. Ya ɗauko tocila da ɗan madubin mota ya leƙa ta kafar. Madubin ba ya kaiwa can ciki, abin da ya gani kaɗan ne. Ya ce farin sama-sama ne, gishirin da na zuba ne ya bushe, idan ya dawo zai wanke, kuma zai yi maganina. Ya ce wa Kawu su ɗauka. Kawu ya kama bakin fiffiken.

A nan tsoro ya kai ni inda ban taɓa zuwa ba. Na faɗi gaskiya, na sayar da yafiyar uwata, kuma ga shi zai hau. Na je na zauna a kan bargunan bayan motar na ce sai dai su ɗora a kaina. Na ce shi da yake taƙama da littafi, ya yi abin da littafin ya ce mana, in ba tsoro yake ji ba.

Ya san abin da nake nufi. Akwai gwajin da ake yi wa fiffike, a kifar da shi a ɗaure gindinsa a jikin turken ƙarfe, a yi ta ɗora masa buhuna. Ya yi wannan bara da muka gama shi, fiffiken ya ɗauki buhun dabino goma sha biyu ko gezau. Kawu ya saki bakin fiffiken ya ce shi dai bai ga abin da rabin awa za ta rage wa tafiyar ba, ga buhunan nan a sito. Yaya ya dube ni irin kallon da ban so in ƙara gani ba.

"Khalas, shi ke nan. Idan ya ɗauka, kada ki ƙara taka gonar nan."

"Na yarda."

Suka ɗaure shi a turken. Rana ta fara fitowa ta saman dabinai, zafi ya fara. Yaya ya ɗauko buhun farko ya aza kusa da gindi, ya dube ni. Ba abin da ya faru. Ya aza na biyu. Shiru. Na fara tunanin ko ni ce na ruɗe, ko ƙusa ɗaya ce kawai ta lalace, na ɓata da uwata da yayana a banza, kuma duk da haka zai hau. Ban san abin da zan roƙa ba, ya karye ko kada ya karye.

A buhu na uku muka ji ƙas, sannan ƙas, ƙas, ƙanana, kamar ana fasa 'ya'yan kankana da haƙori a ɗakin da ke kusa. Yaya ya tsaya da hannunsa a kan buhun. Ya ce fata ce take zama. Ya je ya ɗauko na huɗu da kansa, bai bar Kawu ya taimaka ba.

Ba ƙara mai yawa aka yi ba. Fiffiken ya sunkuya a hankali, kawunan ƙusoshin suna tsalle suna faɗuwa a siminti, sannan fatar ta yage daga gindi, bakinsa ya dafa ƙasa, buhunan suka zame. Farantin baƙin ƙarfen ya rage a jikin turken shi kaɗai, ja da tsatsa, ramukansa duk a buɗe. Farin gari ya yi ta zuba daga ciki kamar an fasa ledar fulawa.

Kawu ya yi salati a hankali. Yaya ya durƙusa ya ɗauki wani ɓallin ƙashin fiffiken ya murza, ya watse a yatsunsa. Ya tashi ya nufi bayan rumfar, muka ji yana amai. Da ya dawo ya zauna a kan buhu. Ya ce, ba da kowa yake ba, a ƙasa fiffiken zai riƙe, da gudu ma zai riƙe, sai ya ɗaga ya kai tsayin dabinon nan sau biyar ya zo juyawa. Bai ƙarasa ba. Can ya ce shi ne ya ce a buga ba a shafa man ba. Na ce eh, shi ne. Kawu ya harare ni. Ban janye ba, amma na je na ɗebo masa ruwa a famfo.

Muka shiga gida ta 'yar ƙofar, shi a gaba. Umma tana zaune a kan darduma a tsakar gida tun asuba, carbi a hannu, ba ta karya ba. A lissafinta sun daɗe da barin gari. Da ta gan shi ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Ya je ya durƙusa ya sumbaci kanta, ya ce ba zai tafi yau ba, jirgin ya sami matsala. Bai ambaci ruwa ba, bai ambaci gishiri ba. Ta riƙe wuyan rigarsa tana hamdala, tana shafa fuskarsa kamar ƙaramin yaro. Ni dai kalmar yau ɗin nan da ya faɗa ce ta tsaya mini a rai, don na san shi, ba ya haƙura.

Ya shiga ɗakinsa ya rufe. Na tsaya a bakin kicin, farin garin har a abayata. Umma ta daɗe tana kallona.

"Kin faɗa."

"Na faɗa."

Ta naɗe dardumar ta ajiye a kan taga. Na bi ta cikin kicin na tsaya a bayanta tana kunna risho, na tambaye ta ko ta yafe mini. Ba ta juyo ba. Ta ce in kai masa shayi da burodi, in tsaya har sai na ga ya ci.